Wai Teku a Falanko? Magana Kan Adon Ɗakin da Ke Cinye Mana Rumbu

Maganar yau za ta ɓata wa wasu rai, na sani. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sannan mai ja ya ja.

A bazarar da ta wuce, cikin watan Afrilu, aka kai ni ganin ɗakin wata amarya ƴar dangi. Ba zan faɗi suna ko unguwa ba, don ba su kaɗai ba ne. Da aka ɗaga labule sai na ɗan tsaya a bakin ƙofa. Bango fari tas, an ja masa layi shuɗi. Kujeru farare masu laushi. Labule siriri kamar gyalen ƴan mata. Katafaren tagar gilashi tana kallon yamma. A bango ga hoton jirgin ruwa, ga wata ƙugiyar ƙarfe da aka ce da ita ake tsayar da jirgi, ga ragar kamun kifi an rataye, an maƙala mata ɓawon dodon koɗi na roba. Na tambayi ƙanwar amarya mene ne wannan, ta ce, "Kawu, ai shi ake yayi, adon bakin teku ke nan, a TikTok muka gani."

Muka zauna. Wallahi ba mu yi minti goma ba zufa ta fara bin bayanmu. Rufin kwano ne, ba a yi masa rufi na biyu a ƙasa ba saboda kuɗin sun ƙare a kujeru. Rana ta faɗo kan gilashin nan, ɗaki ya koma tanderu. Uwar amarya da kanta ta ce mu fito, aka shimfiɗa mana tabarmar kaba ƙarƙashin dogon yaro, aka ɗebo ruwan randa. A nan aka yi hira, a nan aka yi addu'a, a nan aka ci tuwo. Ɗakin da aka sayar da tumaki da hatsi don a ƙawata shi, an rufe shi da kwaɗo kada ƙura ta shiga.

Tun ranar nake tambayar kaina: don wa aka yi ɗakin nan? Don amarya da angonta, ko don hoton da za a ɗora a WhatsApp?

Mu fara da yi wa adon adalci. Mutanen bakin teku ba wawaye ba ne. Duk abin da ka gani a ɗakunansu amsa ce ga yanayinsu. A Kwatano ko Lome ko Abijan, iska tana tasowa daga ruwa da rana, mai ɗan sanyi-sanyi, shi ya sa suke buɗe manyan tagogi su rataya labule marar nauyi, iska ta ratsa ta wuce. Zafinsu mai laima ne, jiki ba ya bushewa sai iska na kaɗawa. Tsakanin rana da dare ba wani babban bambanci, don haka bango mai kauri bai dame su ba. Farin yadi yana daɗewa da haskensa saboda ƙasarsu a jiƙe take mafi yawan shekara. Kujerar saƙa tana son laima, a can take jin daɗi. Jirgi da raga da ƙugiya kuwa kayan sana'ar kakanninsu ne, kamar yadda hauya da akayau da sirdin raƙumi suke a wajenmu.

To mu fa? Daga Falanko zuwa tekun da ya fi kusa da mu ya haura kilomita 1,000. Nijar ba ta da gaɓar teku ko taku guda. Iskarmu ta Afrilu da Mayu ba ta sanyaya kowa, zafi ya wuce digiri 40 da rana, in ka buɗe mata babbar taga wuta ka gayyato. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma hunturu ne da hazo, ƙurar da ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Da dare sai gari ya huce, a hunturu ma har a nemi bargo. Wannan bambanci na rana da dare shi ne dukiyarmu, kuma shi kakanninmu suka gina gidajensu a kai.

Ku duba yadda shigifar ƙasa take aiki. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa ciki. Lokacin da zafin zai iso, rana ta faɗi, mutane sun fito tsakar gida da tabarminsu. Cikin dare bangon ya huce, da safe ɗaki ya yi sanyi, a rufe ƙofa a ajiye sanyin nan har azahar. Taga ƙarama ce, tana sama, don iska mai zafi ta fita, rana kuma ba ta samun hanyar shigowa. Kwano akasin haka yake yi: da rana ta taɓa shi ya ɗau zafi nan take ya zubo wa na ƙasa. Gilashi kuma yana barin hasken rana ya shiga, zafin ya taru ciki ya rasa mafita. Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka rufe a tasha da tsakar rana ya san abin da nake nufi. Wannan motar muke ginawa, mu saka jaririya da mai jego a ciki, mu ce mun waye.

Wani zai ce a sa fanka, a sa na'urar sanyaya ɗaki. Da wace wutar? Ko a Damagaram da Yamai kowa ya san yadda wuta ke yi a bazara, balle ƙauyukanmu da yawancinsu sai dai ɗan faifan sola na cajin waya da kwan fitila. Ɗakin da ba a iya zama cikinsa sai da wutar da ba mu da ita, ai an gina shi ne don wani gari.

Sai maganar ruwa. Farar kujera da farin labule wanki suke ci. A Damargu kowa ya san zurfin rijiyoyinmu, ya san yadda ake ɗaura guga a jikin raƙumi ko jaki ya yi ta tafiya kafin ruwa ya fito, ya san layin bidon a bakin famfo cikin rani. Yarinyar da aka kai gidan miji da fararen kujeru shida, an ɗora mata aikin da ba ya ƙarewa. Ko ta kashe ruwan sha a wanki, ko ta lulluɓe kujerun da zannuwa, a daina ganin abin da aka saye su dominsa. Na ga gidaje da yawa inda ledar da aka naɗo kujera da ita daga shago tana nan shekara biyu ba a cire ba. Baƙo ya zauna kan leda a zafin Mayu, yana tashi tana bin sa.

Kayan katakon ma yawancinsu garin katako ne aka matse aka liƙa masa takarda mai sheƙi. Rani guda ya isa takardar ta ɗago, gara ta samu ƙofa. Gadon ƙarfe da iyayenmu mata suka zo da shi yana nan har jikoki na hawa. Wannan kuwa kafin a yaye ɗan fari ya fara rawa.

Yanzu mu zo inda ya fi ciwo, wato kuɗi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakarmu da Benin ta shiga halin da kowa ya sani, kaya da yawa sai sun sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Tera zuwa Yamai, sannan su kama hanyar Damagaram mai kusan kilomita 900, kafin su hau arewa zuwa wajenmu. Wasu kuma ta Kano suke biyowa. Kowane kilomita akwai kuɗinsa, kuma mai saye na ƙarshe ne ke biya. Wane ne mai saye na ƙarshe? Manomin da ke samun damina ɗaya a shekara, wadda ba ta wuce wata uku, in ta zo ke nan. Makiyayin da ke lissafin abincin dabba tun daga Fabrairu. Yaron da ya ratsa sahara yana leburanci a Libiya, yana kwana goma-goma a ɗaki guda, yana turo kuɗi gida.

Damargu an san ta da rumbu. Tun zamanin ayari, Abzinawa nan suke saukowa su sayi hatsi su hau da shi Abzin. Bature mai yawon bincike Heinrich Barth da ya ratso nan a watan Janairun 1851, ƙasar hatsi ya tarar. Yau a ƙasar hatsin ne ake buɗe rumbu da kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, a sayar don a sayi hoton jirgin ruwa. In Yuni ya zo, mutumin nan shi zai koma kasuwa ya sayi hatsin da tsada, ko ya ci bashi kan amfanin da bai shuka ba tukuna. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Kuma kada a ɗora wa ƴan mata laifin duka. Yarinya ta gani a waya ta yi sha'awa, wannan ba abin mamaki ba ne. Masu laifi na gaske su ne mu manya. Gwaggo da inna da ke zuwa ganin ɗaki da idon awo, su fito suna taɓe baki, "wai ko karo babu a ƙasa." Dangin miji da ke goranta wa amarya shekara da shekaru cewa da tabarma aka kawo ta. Uban da ya san ba shi da hali amma ya ji kunyar a ce ɗakin ƴar maƙwabci ya fi na tasa. Saboda wannan gorin akwai ƴan matan da aurensu ke ja da baya, akwai uwayen da suka shiga adashi biyu uku suna kwana da ciwon kai, akwai gonakin da aka jinginar. Aure nawa aka fara da bashi aka ƙare da faɗa? Kowa a cikinmu ya san guda, ba sai na lissafa ba.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita: "Kai so kake mu dawwama a gidan laka, kai kuwa in ka samu kuɗi siminti za ka yi." Wasu kuma za su tuna mini daminar 2024, lokacin da ruwa ya rusa gidaje ba adadi a Nijar, ɗaruruwan mutane suka rasu, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi a farkon Satumba. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai kare ginin ƙasa da ya ƙi faɗinta maƙaryaci ne. Ginin ƙasa yana tsoron ruwa ta ƙafa da ta kai. In ba a yi masa tushe ba, in ba a gyara indararo ba, in an bar yaɓe shekaru ba a sabunta ba, in an gina shi a hanyar ruwa, zai faɗi, kuma yana iya faɗawa kan mutane. Azara ma ta yi wuya, itatuwan da ake rufi da su sun ƙare a dajinmu.

Amma maganin wannan an san shi, kuma a ƙasar nan aka gwada. Tun 1980 aka fara koyar da gini ba katako a Cikal, cikin yankin Filinge, inda ake rufa ɗaki da bulon ƙasa a lanƙwashe kamar baka ko kamar ƙoƙo, ba azara ba kwano, kuma an horar da magina da dama a Nijar kan wannan aiki. A Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa matsattse, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Tsohon garin Agadas da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Maƙwabcinmu Francis Kéré na Burkina Faso ya ɗauki kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini, kuma abin da ya fara fito da sunansa makarantar ƙauyensu Gando ce, ta bulon ƙasa, da rufin kwano da aka ɗaga sama don iska ta ratsa tsakani. Ku lura, bai ƙi kwano ba. Ya san inda zai ajiye shi ne.

Ga wani abin dariya kuma. Hotunan fari da shuɗi da ake turo mana, da yawansu daga tsibiran ƙasar Girka ne, irin su Santorini. Ku ƙara duban hotunan da kyau. Bango mai kauri ne, tagogi ƙanana, rufi a lanƙwashe saboda su ma itace ya yi musu ƙaranci, an shafe waje da farar ƙasa don ta mayar da hasken rana. Wato gidan da muke mafarki ya fi kama da shigifar kakarmu fiye da akwatin kwanon da muke ginawa da sunansa. Su sun riƙe nasu, sun share, sun shafe, duniya na biyan kuɗi ta je kallo. Mu mun kwafi launin, mun bar hikimar.

Ni ban ce kada a ɗauki komai daga waje ba. Bahaushe bai taɓa zama haka ba. Kalmar kuɗi ma da muke faɗa kullum jam'in wuri ce, wurin nan kuwa daga teku yake, daga can tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, kakanninmu suka yi ciniki da shi, mata suka yi ado da shi a ƙwarya da kitso. Kwanukan jere da tasoshin da iyayenmu ke alfahari da su, su ma baƙi ne a da. Bambancin shi ne sun ɗauki abin da zai yi musu aiki. Fari a saman rufi da bayan bango yana rage zafi, a ɗauka. Rage tarkace a ɗaki don iska ta samu wuri, a ɗauka. Karo a ƙasa yana da sauƙin shara, mai hali ya sa. Shuɗi kuwa ba sai an aro mana ba, mu da muka gaji baba da marina, mu da rawanin Abzinawa ke rina goshi.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba abin da ya fi ƙarfin kowa a ciki. Mai sabon gini ya fara kashe kuɗinsa a tushe: dutse ko siminti daga ƙasa har ya wuce inda ruwa ke kaiwa, sannan bango mai kauri. In kwano za a sa, a ɗaga shi, a yi masa rufi na biyu a ƙasa ko da na zana ko tabarma ne, a bar kafar da zafi zai fita. Kada a buɗe babbar taga ta yamma. A yi rumfa a gaban ɗaki, a dasa bishiya tun ranar da aka sa harsashi. Wannan duka kafin a yi maganar kujera.

A cikin ɗaki kuma, mu waiwayi abin da hannun mutanenmu ke yi. Tabarma da faifan kaba masu launi, matasan fata irin na Damagaram da Abzin, bargon saƙi, ƙwarya mai zane, randa a lungu kan rairayi mai laima. Wanda ke shakkar ko ginin ƙasa na iya yin kyau, ya shiga Birni da Zango a Damagaram ya ga zanen da magina suka yi a fuskar gidaje, da dagi da zankwaye. Jikar da ka ba mai saƙar tabarma a kasuwar ƙauye tana kwana a garin, ta sayi hatsi, ta biya magani. Jikar da ka ba da don ƙugiyar roba ta kama hanyar Lome, ba za ka sake ganinta ba.

Ga iyayenmu mata: ku ne masu wannan magana. Ranar da biyar daga cikinku a unguwa guda suka haɗa baki cewa ba za a ƙara goranta wa amarya kayan ɗaki ba, an gama. Ga malamanmu: kuna yawan yi mana wa'azi kan sauƙaƙa sadaki, ku haɗa da kayan ɗaki, don sau da yawa nauyin da ke kan uban yarinya ya fi na ango. Ga masu unguwanni da hakimai da hukumomin ƙananan mulki: in za a gina aji ko ɗakin shan magani, a tambaya ko yaro zai iya zama ciki ƙarfe biyu na rana a watan Mayu. Gwamnati in ta gina da bulon ƙasa mai kyau, talaka zai daina jin kunyar nasa. Ga samarinmu na wurin bida: kun fi kowa sanin yadda kuɗin nan ya samu. Kafin ka turo na labule, tambayi ko an yi rufi, ko akwai hatsin da zai kai kaka.

Amaryar da na ba ku labari, na koma gidan bayan sallah. An kwashe biyu daga cikin kujerun an sayar da asara, an saya wa tagar nan zana an rufe ta daga waje. Ragar kifin kuwa an sauke ta, tana bayan gida an kewaye ƴan tsaki da ita saboda shirwa. Uwar ta ce mini, "Malam, wannan ce kaɗai ta yi mana amfani a cikin kayan." Muka yi dariya, amma bashin yana nan, kuma sai an sayar da amfanin bana za a biya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya rufa mana asiri, ya zaunar da ƴaƴanmu lafiya a ɗakunansu. Wanda ke da ƴa a gaba, ya zauna da mai ɗakinsa yau da dare su yi lissafi tun kafin a sa rana.